Sunan da Ɗiyar Fari Ta Sa Mini

Matan zumuntar majami'armu sun iya waƙa, wannan kam ba zan hana musu ba. Amma abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne gadin idon mutane. Mace ba ta isa ta dubi abu ba sai sun san abin da ta duba da daɗewar da ta yi tana dubansa. A cikinsu na zauna, a unguwar ma'aikatan wani asibitin mishan da ke ƙasar Madawa, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai. Kowace Lahadi sai su miƙe su ba da shaida cewa sun bar al'adun duhu, sun tsinke layu, sun daina zuwa wurin masu bori. Da an fito ƙofar majami'a kuwa, duk al'adar da ta yi musu daɗi tana nan ɗaure a ƙugunsu, ba wadda ta taɓa kwance ta.

Mijina yana aiki a ɗakin da ake dafa allurai da almakasan likita. Mutumin Tabotaki ne, kuma shi kaɗai ya shiga addinin mishan a gidansu. Uwarsa da ƴan'uwansa suna can da shanunsu da gonakin gero, suna sallarsu. Ni daga wajen Azarori aka kawo ni. Muka haifi ɗiya mace, ita ce ta fari, na kuwa yi mata kunya yadda uwata ta yi wa yayana. Ban kama sunanta ba. In da mutane ba na dubanta, ba na yi mata wasa, in zan ba ta nono ko fura sai in kau da kai gefe in miƙa mata kamar ajiyar wani. In wata ta ce yarinyar nan ta yi kyau, sai in tashi in shige ɗaki. Matan zumunta suka yaba mini ƙwarai, suka ce an ga ɗiyar mutane mai tarbiyya. Ba wanda ya ga illar haka, domin yaro mai kunne ba ya rasa uwarsa. Ko ba ta dube shi ba, yana jin ta tana daka, tana faɗa da kaji, tana ƴar waƙarta a bakin murhu.

Ta fara tafiya, ta fara kiran akuya da ruwa, sai sanƙarau ya shigo da zafin bazara. Ya kwashi yara da dama. Tawa ta tashi, likita ya ce mu gode Allah, muka gode. Sai da ta warware aka lura ko tasa ta faɗi a bayanta ba ta waiwayawa. Ƴan kalmomin da ta tara suka zube ɗaya bayan ɗaya, har ta koma sai ihu da nuni. Ni na riga kowa ganewa, ta wutsiyar ido, amma uwar ɗiyar fari ba ta da bakin cewa ta lura da wani abu.

Shugabar zumunta matar dattijon majami'a ce, mace mai faɗin baki da ƙaton kallabi. Ita ta jagoranci matan suka zo mana addu'a. Da suka ce amin sai ta kama kan yarinyar ta dinga kwarara mata ihu cikin kunne kamar mai kiran wanda ya faɗa rijiya. Yarinyar ta fashe da kuka, ita kuwa ta juyo tana murna wai alamar ta ji ce. Daga ranar suka daina kiran sunanta, suka koma cewa bebiya. Ni da ba ni da ikon kama sunan, su da suke da iko suka yar da shi.

Inna, uwar mijina, ta zo dubiya a kan jakinta. Tsohuwa ce mai kamun kai, ba ta da mugunta, ba kuma ta maimaita magana. Ta ce wa ɗanta, ina bayan darni ina ji:

"Ɗiyah hwari tawa ta, kowa ya sani. Don ciwo nib bar muku ita har yanzu. Baɗi in anka ɗaure gero ina zowa in ɗauke ta. Can wurinmu mi za ta yi da magana? Awaki ba su son hira."

Ya ce, "Yadda kinka ce, Inna."

Na taɓa zuwa Tabotaki, na kuwa ga wata kurma da ke garin. Mace ce har da furfura, tana ɗebo wa gidaje ruwa, yara na bin ta suna jifa da kashin awaki. Na tambayi sunanta, aka yi ta kallon juna, ba wanda ya tuna. Ita nake gani duk sanda aka ambaci ɗaure gero.

Da daminar shekara ta gaba ta zagayo, yarinyar ta doshi shekara uku, sai aka ce mishan ta kawo malaman kurame. Su biyu ne. Ɗaya baturiya ce doguwa, wadda ta koyi Hausar Kano daga littafi, muna ce mata Malama. Ɗayan Bahaushe ne daga ƙetaren iyaka, shi kansa kurma, ya yi karatu can kudu, aka sa masa Mushe, wato malam da Faransanci, kamar kowane malamin lakwal, makarantar boko. Ba wanda ya gaya wa dattawan majami'a cewa kurma ne. Suka jera matan zumunta a rana suka rera masa waƙar maraba mai baiti kamar ba za ta ƙare ba, dattijo ya miƙe ya yi masa jawabi har gumi ya jiƙe masa riga. Shi dai yana murmushi yana gyaɗa kai. Da gaskiya ta fito sai suka yi ta gunaguni wai an raina su, an aiko kurma ya yi maganin kurumta. Ba wanda ya ce musu magani aka zo yi, su suka ɗinka abinsu.

Aka kafa rumfa bayan ɗakin yara, aka tara ƙananan kurame kaɗan, har da wani ɗan Fulani daga wajen Garhanga. Malaman nan biyu ba su jitu ba. Malama baki take so, tana da madubi da ƙullin auduga da take sa yara su hura, da ƴar ganga da suke dafawa su ji motsinta a tafin hannu. Mushe hannu yake so, in ta juya baya sai ya shiga koya musu magana da yatsu. Amma a kan abu guda bakinsu ya zo ɗaya: su baƙi ne, ƴan watanni za su yi su wuce, saboda haka uwa za su koyar, ita kuma ta koyar da ɗanta a gida. Aikin uwa shi ne ta zauna gwiwa da gwiwa da yaro, fuskarta cikin haske, ta ɗora hannunsa a maƙogwaronta, ta dube shi cikin ido, ta faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa. Da sunansa ake farawa.

Ranar farko matan zumunta suka bar dakansu suka jeru a jikin darni, ko kasuwa ba ta tara su haka. Malama ta shimfiɗa tabarma ta ce in zauna, na zauna. Ta ajiye mini yarinyar a gaba.

"To, ki dube ta. Ki kira sunanta."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

"Ki dube ta mana! Ba ƴarki ba ce?"

Na ce a hankali, "Malama, ɗiyah hwari ta."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ya kamata ki fi kowa ƙaunarta."

Ga mata fal a jikin darni, kowace ta san abin da nake nufi, kowace ta yi wa nata ɗan farin haka. Ba wadda ta buɗe baki ta fahimtar da baƙuwa. Sun ƙura mini ido ne kawai su ga ko zan karya, su samu abin tafiya da shi rijiya. Ban karya ba. Malama ta ja dogon numfashi, ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta yi aikin da kanta.

Haka muka yi ta yi. Kullum ina kai ta, ina zama a gefe, ina satar kallon yadda ake yi. In mun koma gida sai in tura ƙyaure in gwada. To ɗakunan ma'aikata taga guda gare su, ita ma kamar tafin hannu, in ka rufe ƙofa ba ka ganin bakin mutum, in ka buɗe kuma tsakar gidan ta kowa ce. Abin da ya fi wannan ciwo, yarinyar ba ta neman fuskata. Tana duban hannuna, tana duban ƙwaryar da na riƙe. In na ɗago haɓarta sai ta zame, domin a iya saninta ba abin da ke fuskata da ya shafe ta. Fuskar Malama kuwa tana bin ta da ido kamar ta haɗiye. Na ji kishi, na ji baƙin ciki, na rasa wanda zan gaya wa.

Mushe Bahaushe ne, tun ranar farko ya gane. Na ga ya rubuta wa Malama wani abu a allo, ya nuna ni. Ita kuwa ta ce bari ta tambayi wadda ta sani, ta kira shugabar zumunta a gabana ta ce wai gaskiya ne akwai al'adar da ke hana uwa duban ɗanta na fari? Sai matar nan ta dafe ƙirji.

"Haba Malama! Wanga abu na mutanen da na, na cikin duhu. Mu nan mun ga haske, ba mu san shi ba."

Matar da har ranar ba ta taɓa kama sunan babban ɗanta ba, ga shi da gemu yana tuƙa motar asibiti. Ta gwammace a ce ni muguwar uwa ce da a ce Kiristocin unguwarta suna da sauran al'ada. Malama ta gaskata ta, don ita ce mai babban kallabi kuma ita ke zama a bencin gaba.

Daga nan Malama ta yanke hukuncinta. Ta kira mijina ta ce ta ga irin wannan a ƙasarsu, uwa ta tsani yaro don ya nakasa. Ta ce yarinyar tana da kai, asara ce a bar ta a hannun wadda ba ta ko dubanta, in za su tafi za ta kai ta gidan marayu na mishan, can nesa, inda za a kula da ita. Ya ce mata, "Yadda kinka ce, Malama." Shi ma uban ɗiyar fari ne, ba ya iya zancenta, ga kuma tsoron kada Baturiya ta ce bai tuba da kyau ba. Da ya zo yana gaya mini yana sosa ƙeya, na ce:

"Ɗiya guda ta. Ka ba Inna, ka ba Malama. Raba ta za ka yi?"

Ya ce, "Ke, rage murya, mutane na ji. Allah shi ka shirya komi."

Namiji ke nan. Mutum ne da ke iya tsayawa kan tukunyar allurai tun safe har azahar bai bar ko guda ta ƙone ba, amma bai iya ce wa mace a'a in ta girme shi ko ta fi shi fari.

Aka yanke gero, aka ɗaure. Wata safiya muna rumfa sai ga Inna da jakinta, ta ɗauro ƴar tabarma da sabon zane na goyo. Ba ta same mu a gida ba, aka nuno mata bayan ɗakin yara. Ta zo ta tsaya a bakin rumfa, ta ce a gama abin da ake yi, ba ta sauri. Matan zumunta da suka ji labari suka cika darni har da masu leƙe ta kafaɗar wasu.

Ranar Malama ta bar wa Mushe yaran. Wasan da yake yi da su mai sauƙi ne. Sai ya nuna mutum, ya ɗaga gira, ya buɗe tafin hannu, wato wane ne wannan? Ashe kowane ƙaramin kurma yana da sunayen da ya raɗa wa mutanen gidansu, da hannu, ba wanda ya koya masa. Ya zo kan tawa. Ya nuno ubanta da ke wucewa da tire, ta yi kamar mai ɗaga murfin tukunya tana kauce wa tururi. Ya nuna shugabar zumunta, ta wangale baki ta dinga kaɗa yatsu a gabansa. Matan suka kwashe da dariya, mai sunan ta yi kicin-kicin da fuska. Ya nuna Inna, ta yi alamar tatsar nono, tsohuwa ta murmusa.

Sannan ya nuna ni.

Ba ta yi wani tunani ba. Ta juya fuskarta ta kan kafaɗa, ta miƙo hannu ɗaya gefe, kamar mai ba da abu ga wanda ba ta son gani. Ta yi shi tsaf, har da yadda nake sauke ido.

Darni ya ɗauki shewa. Shugabar zumunta ta samu abin huce haushinta, ta manta sarai da abin da ta rantse wa Malama, ta ɗaga murya:

"Kun gani? Ko bebiya ta shaida uwatta na da kunya! Haka ɗiyam mutane ta ka yi."

Yabo ne fa take yi mini. Mushe bai ji ta ba, bai kuma yi dariya ba. Ya dube ni kawai, hannunsa yana nan a buɗe. Duk duniya yarinyar nan ba ta da inda za ta same ni sai ta ido, ga abin da idon ya samu. Da shi za ta tafi Tabotaki ko gidan marayu, in an tambaye ta uwarta, ƙeya za ta nuna.

Na tashi daga gefen da nake zama na hau tsakiyar tabarma, inda rana ke faɗowa. Na jawo ta gwiwa da gwiwa, na kama haɓarta, na ɗora ɗan hannunta a maƙogwarona. Na kira sunanta da ƙarfi, a gaban uwar mijina, a gaban matan zumunta, a gaban ubanta da ya daskare da tire a hannu. Sunan ya yi mini nauyi a baki don ban taɓa furta shi ba. Wata a jikin darni ta ce wayyo, wata ta ja tsaki, wata ta ce a rufa mata ido. Yarinyar ta tsorata, ta yi ta fizge-fizge tana kuka tana neman Malama. Ban sake ta ba. Na yi ta maimaitawa, hawaye na zuba, har ta gaji ta tsaya. Yatsunta suka lafe a wuyana, ta dubi bakina, daga nan ta ɗago ta dubi idona, tana mamaki kamar ta ga baƙuwa.

Inna tana tsaye tana kallonmu. Can ta naɗe zanen goyon da ta kawo, ta mayar cikin tabarma, ta ce wa ɗanta, ba ni ba:

"Ɗiyad da uwatta tak kama ma suna gaban idona, ba tawa ba ta. Ku riƙe abinku."

Ta hau jakinta ko ruwa ba ta sha ba. Har ta rasu ba ta ƙara cin tuwon da na tuƙa ba, kuma wannan ya dame ni, domin ita kaɗai ce a cikinsu ba ta taɓa yi mini fuska biyu ba. Malama kuwa ta tafa hannu tana cewa Ubangiji ya narkar da zuciyar dutse, ta fasa zancen gidan marayu. Na tabbata har ta koma ƙasarsu tana ba da labarin yadda ta koya wa wata Bahaushiya son ɗiyarta. Ban gyara mata ba, ina da aiki a gabana.

Matan zumunta suka sa mini marar kunya. Aka daina kirana wankan amarya, wai kada in koya wa ƴan mata fitsara. In na zauna a tsakar gida da yarinyar muna aikin madubi da auduga, sai su wuce suna toshe baki da gefen mayafi, Lahadi kuma su miƙe su ba da shaidar sun bar al'adun duhu. Na bar su da waƙarsu. Kafin malaman su tafi na kwashi abin da zan iya a wurin kowannensu, na baki da na hannu, ban shiga rigimarsu ba. Na bakin bai yi nisa ba, kalmomi kaɗan ta kama, su ma sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Na hannun ne ya zauna, har ubanta ya koya daga baya, a ɓoye, kamar mai satar nama a miya.

Ta girma a ɗakina, ta koyi ɗinki, ta yi aure, ta haifi masu ji. Sunan da ta raɗa wa ubanta da hannu ya sauya da ya bar aikin allurai, na ƙannenta ma sun sauya ba sau ɗaya ba. Nawa ne bai motsa ba. Mushe ya nuna mata alamar uwa irin ta makarantarsu, ta koya, tana kiran uwar kowa da ita, ban da ni. Na taɓa roƙonta ta canza mini, ta yi dariya ta nuna cewa suna ai suna ne, ita ba ta ga abin damuwa ba. Ko ta manta inda ta samo shi.

Yanzu ita ma ta yi furfura. In ta zo gaishe ni, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni cikin ido tana murmushi, sannan ta kira ni. Ba yadda za ta kira ni sai ta juya fuskarta ta kan kafaɗa, ta miƙo hannu gefe. Abin ba ya wuce ƙiftawar ido. Ni kuwa duk sanda ta yi, sai in ajiye abin da ke hannuna, in tsaya ina jiran fuskar ta dawo.